Tafiyata Ikko da Sawun Hausawan Glover

Matar ƙanena ce ta sauka, aka samu ɗa namiji. Shi kuwa kofur ne na 'yan sanda a Legas, bai samu hutu ba balle ya kawo maijego wankan gida. Hajiyarmu ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce tunda ni ne babba, ni zan je in tsaya a kan suna. Aka haɗa mini kaya: garin kunu, kanwa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da ƙullin yajin jego wanda tun daga gida har tasha nake atishawa saboda shi. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare, na daɗe ina koya wa yara yadda Turawa suka ci Ikko, wato Legas, alhali ban taɓa taka garin ba, don haka ban yi wata gardama ba.

Da sassafe na isa tasha a Kano. Kujera naira 45,000, ɗan kamasho ya dubi buhuna ya ce sai na ƙara 5,000 na kaya, muka yi ta ja har ya karɓi 3,000 yana mita. Motar bas ce mai cin mutum goma sha takwas, amma da aka gama lodi, tsakanin buhunan albasa da jarkokin man gyaɗa, ƙafata ba ta ƙara taɓa ƙasa sosai ba sai da muka tsaya cin abinci a Tafa. Direba ya ce ba zai bi ta Birnin Gwari ba ko da za a ninka masa kuɗin mota, ba kuwa wanda ya ce masa don me. Muka karya ta Lambata, muka nufi Lapai, Agaye da Bidda.

Wannan hanya ta Lambata zuwa Bidda, wanda bai bi ta ba ba zai gane ba. Tankokin mai da tireloli sun cinye kwaltar, sai ramuka da jar ƙura, wani wurin direba kan sauka daga titi gaba ɗaya ya bi ta gefen gonakin mutane. Ga shingaye. Daga masu baƙin kaki sai masu kore, sai masu ruwan toka, sai kuma wasu samari da ba kaki ko ɗaya, katako kawai suke ja mai ƙusoshi. Direbanmu ya tanadi damin 'yan ɗari bibbiyu a ƙarƙashin wani tsumma kusa da sitiyari. In an tsayar da mu sai ya sauke gilashi ya miƙa hannu kamar zai gaisa, motar ma ba ta gama tsayawa ba mun wuce. A wuri ɗaya ne kawai aka sauke mu duka. Wani mai igiya uku ya sa aka buɗe bayan mota, ya soka hannu a buhuna, ya ɗauko ƙullin yajin nan ya shinshina, atishawa ta kama shi har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya tambaye ni da Hausa mai gargada, ta mutanen Filato, ko na maijego ne. Na ce e. Ya ce Allah ya raya, ya mayar da hannunsa, bai karɓi ko sisi ba. Na ga ya kamata in rubuta wannan ma, don an fi rubuta ɗayan.

A Bidda muka kwana, a harabar wani gidan mai, kowa ya shimfiɗa abin sallarsa. Sauro ya yi abin da ya saba. Ina kwance ina tuna cewa wannan gari ne dakarun Kamfanin Neja na George Goldie suka ci da yaƙi a watan Janairun 1897, suka kori Etsu Abubakar, a wata na gaba kuma suka wuce Ilori. Sunan rundunar da ta yi wannan aiki Royal Niger Constabulary, wato a takarda 'yan sanda ne, amma da bindiga mai ruwa da igwa suka zo.

Hantsi ya ɗaga muka hau gadar Jebba. Na roƙi na kusa da taga, wani dattijo ɗan fataucin goro da zai sauka Shagamu, ya ɗan matsa in leƙa. Kogin Kwara ya cika ya batse, ga wani ƙaton dutse a tsaye a tsakiyar ruwa. Dattijon ya ce, "Malam, me ka jefar a ruwan ne kake nema haka?"

Na ce, "Baba, a nan aikin ƙanena ya samo asali."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Sai na ba shi labarin, tunda hanya da sauran tsawo. A shekarar 1857 wani jirgin ruwan Ingilishi mai suna Dayspring, na tawagar Dakta Baikie, ya daki duwatsu a nan Jebba ya lalace. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani matashin hafsan sojan ruwa, John Hawley Glover. Neman agaji ya sa ya ratsa ƙasar Yarbawa da ƙafa har bakin teku, kuma a wannan kai da kawo ne ya haɗu da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, mutanen da aka kamo daga arewa aka sayar a kurmi, suna neman wanda zai ba su mafaka. Ya ga suna da juriya, ya ga kuma ba su da kowa a wannan ƙasa sai wanda ya riƙe su. Da Ingila ta karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu ranar 6 ga Agustan 1861, akwai 'yan gadin ƙaramin jakada mutum 30 da aka kafa a wannan shekarar. Da Glover ya karɓi ragamar garin a 1863, sai ya ɗauki irin waɗancan gudaddun bayi ya ba su kaki da bindiga. Su ake kira Hausawan Glover. Sojan Najeriya na ƙirga asalinsa daga mutum 18 na farko da ya ɗauka, 'yan sanda kuma na ƙirgawa daga waɗancan 30 ɗin, amma in ka bi saiwar, wuri guda take komawa.

Dattijon ya ɓare goro ya ba ni ɓari. Ya ce, "Ashe mu muka fara tare hanya." Duk motar aka kwashe da dariya, har direba.

Ilori, Ogbomosho, Oyo, duk na wuce su ina gyangyaɗi. A Badun muka yi sallah muka ci abinci, daga nan titi ya gyaru, sai dai cunkoso daga Shagamu har Berger. Dare ya yi sosai kafin ƙanena ya same ni a inda aka sauke mu, sanye da farar riga da silifa. Na ce ina kakin? Ya ce, "Yaya, in na tashi aiki a jaka nake sa shi. Nan ba Kano ba ce."

Bariki ba zan faɗi sunanta ba. Bene ne tsoho mai hawa uku, fenti ya daɗe da yin ban kwana da shi, wayoyin wuta da igiyoyin shanya sun sarƙe a baranda. Ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, an raba falon da labule, bayi kuwa na tarayya ne a ƙarshen layi, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, waɗanda duk yaranmu ne na arewa da na Nijar. Ni da ƙanena muka kwana a falo, maijego da wata gwaggonta a ciki. Zafin Ikko ba irin namu ba ne, ba rana ce ke dukanka ba, gumi ne ke bin jikinka har cikin dare, ka yi wanka ka fito kana neman wani. Abin da ya burge ni shi ne maƙwabta. Na dama Tibi ne, na hagu Igala, na sama Babarbare, na ƙasa Ibo. Matansu suka karɓe girkin suna gaba ɗaya, kuma yawancinsu da Hausa suke yi wa maijego sannu, wasu sun koyo ta a barikin Kaduna, wasu a Maiduguri ko Jos. Na ƙirga Yarbawan da ke wannan layi, ban cika yatsun hannu ɗaya ba, a tsakiyar ƙasarsu.

Ranar suna aka yanka rago, wanda muka sayo a kasuwar Alaba Rago a kan kuɗin da a Wudil zai sayi biyu. Liman Bayarabe ne ya yi huɗuba, aka ci waina da miyar taushe, aka ci amala, kowa ya watse. Washegari na ce wa ƙanena zan shiga cikin tsibiri in ga gari. Ya rubuta lambarsa a takarda ya sa mini a aljihu, wai ko da waya za ta ɓace, ya ce kada in tsaya kallon faɗa, kada kuma in amsa wa duk wanda ya ce ya san ni.

Na karya da burodin Agege da wani dafaffen wake da suke dakawa ya yi laushi, a zuba masa baƙin mai mai yaji, naira 1,500 har da ruwan leda. Na sayi katin shiga jirgi na hau sabon jirgin ƙasan nan na jan layi zuwa Oyingbo, da sanyinsa da tsabtarsa, ba mai tura wani. Daga can na faɗa danfo, ruwan ɗorawar motar nan da kwandasta ke lilo a ƙofa yana kiran sunayen unguwanni kamar ana faɗa. Muka haye gadar Carter zuwa Idumota. Gilbert Carter ɗin da aka sa wa gadar sunansa shi ne gwamnan da ya tura yaƙi Ijebu a watan Mayun 1892, kuma Hausawan nan na cikin waɗanda suka yi yaƙin. Kafin nan ma Glover ya kwashi wasunsu zuwa yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, wasu ba su dawo ba, suka zauna can suka zama tushen 'yan sanda da sojan ƙasar da yau ake kira Gana. Zuriyarsu na cikin mutanen zangon Ankara da Kumasi, sun gauraya da zuriyar fataken goro.

Da tambaya na gano zauren tunawa da Glover a titin Customs, kusa da dandalin Tinubu. Gini ne da mutum zai wuce bai waiwaya ba, bankuna sun yi masa rumfa ta ko'ina. Na tsaya a gabansa ina kallon 'yan canji, yawancinsu namu, suna kaɗa hannu suna kiran masu wucewa. Wani ya ce, "Alhaji, dala ko fam?" Na ce tarihi na zo gani. Ya dube ni sama da ƙasa ya juya ga wani.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe game da waɗancan mutane shi ne, ba don Turawa na ƙaunar Hausawa suka ɗauke su ba. Lissafi ne. Mutumin da aka kamo daga nesa, aka sayar da shi, ya yi bauta a gonar wani attajirin Ikko ko na Abekuta, ba ya jin yaren gari sosai, ba shi da dangi ko suruki a cikinsa, in ka ba shi bindiga ka ce ya kamo tsohon ubangidansa ba zai yi nawa ba. Ba shi da wanda zai ji kunya. Ba kuma dukansu ne Hausawa ba. Akwai Nufawa, Barebari, Gwarawa da sauransu, Hausa ce kawai ta haɗa su a bariki, Bature kuwa duk wanda ya fito daga sama da Kwara yana sallah to Bahaushe ne a wurinsa. A 1879 aka yi dokar da ta tsara su a matsayin Hausa Constabulary, mutum kimanin 1,200 a ƙarƙashin sufeto janar Bature. Aikinsu gadin gidan gwamna, rakiyar 'yan kasuwar Turawa, buɗe hanyar ciniki da ƙarfin tsiya in wani sarki ya rufe ta, da karɓar abin da hukuma ta ce a karɓa. Satar akuyar talaka ba ta cikin abin da ya dame su. Sai ranar 1 ga Janairun 1896 aka ware rundunar 'yan sandan Ikko ta cikin gari daban, ita ma da makamai, masu yaƙin kuma daga baya aka zuba su cikin rundunar sojan Afirka ta Yamma.

Daga nan na taka zuwa titin Broad, inda tsohon gidan yarin Turawa yake. An fara gina shi a 1872, daga baya aka sake shi da tubalin da aka yo odarsa daga Ingila. Yanzu wurin shaƙatawa ne, Freedom Park, tun 2010. Na biya kuɗin shiga kaɗan. An bar tsohuwar katangar, an kuma bar fasalin ɗakunan fursuna a ƙasa don mutum ya ga girmansu. Na shiga ɗaya na miƙa hannuwana biyu, saura kaɗan in taɓa bango da bango. Inda ake rataye mutane nan ne dandalin kiɗa a yanzu. Herbert Macaulay ya kwana a gidan nan, haka Obafemi Awolowo, haka shugaban ƙwadago Michael Imoudu. Wasu samari biyu na zaune a kan harsashin wani ɗaki suna cin gasasshen kifi suna ɗaukar hoto. Ban ga laifinsu ba, wuri ne mai inuwa a garin da inuwa ke da tsada.

Na bi ta tsohon filin sukuwa, wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa, na shiga titin Moloney. Nan ne gidan Kam Salem, tsohuwar hedikwatar 'yan sandan ƙasa kafin gwamnati ta koma Abuja a 1991. Tun ranar 1 ga Afrilun 1930, da aka haɗe rundunar kudu da ta arewa aka samu 'yan sandan Najeriya guda, Ikko ce cibiya. Turawa suka yi ta riƙe shugabancin har bayan 'yancin kai, sai a 1964 Louis Edet, mutumin Kalaba, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Kam Salem, ɗan Borno, ya gaje shi a 1966 ya riƙe har 1975, duk tsawon yaƙin basasa, sannan M. D. Yusufu na Katsina ya karɓa zuwa 1979. Ban ɗaga waya don hoto ba, ƙanena ya riga ya ja mini kunne. Na dai tsaya tsallaken titi na kalli benen, na kalli mai gadin ƙofa da bindigarsa a rataye yana hamma.

Obalende na gaba kaɗan. Ƙarƙashin gada hayaniya ce zalla, motoci, masu wa'azi da lasifika, masu sayar da magani. Amma ka kutsa lungu biyu sai ka ji kamar an ɗauko wani yanki na Fagge an dasa: masallaci, teburin mai shayi, mahauta na jera tsire tun la'asar, almajirai na karatu. Asalin unguwar matsugunin tsofaffin sojojin Hausawan nan ne, da hukuma ta tashe su daga inda suke ta kawo su nan. Barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan daga zamanin Gowon har zuwa Babangida, na maƙwabtaka da ita, haka ma barikin 'yan sanda.

Bayan sallar la'asar na gaisa da wani dattijo tela a ƙofar masallaci. Hausarsa tsaf, sai dai tana da wani lanƙwasa na Yarbanci a ƙarshen magana. Na ce, "Baba, daga wane gari?"

Ya ce, "Daga nan."

Na ce ina nufin asali. Ya ce kakan babansa soja ne, an ce daga wajen Katsina aka kamo shi yana yaro, bai sake ganin gida ba. Shi kansa bai taɓa wuce Ilori ba. Ya ce, "Ɗana, in na je Katsina wa zan ce ina nema? Mu nan Yarbawa na ce mana Hausawa, in 'yan arewa sun zo su ce mana Yarbawa." Ya aiki jikansa ya sayo mini tsire na naira 2,000, na yi na yi in biya ya ƙi. Tsiren ya yi daɗi, sai dai sun fi mu son albasa da tumatir a kai, ƙuli kuwa kaɗan.

Da daddare, wuta ta ɗauke, muka fito baranda ni da ƙanena muna fifita da kwali. Na tambaye shi yadda aikin yake. Ya ce abin da ya fi damunsa ba albashi ba ne, ko da yake shi ma abin a yi shiru ne. Yare ne. Tsohuwa za ta zo gaban kantar ofis tana kuka tana zuba Yarbanci, shi kuwa ban da gaisuwa da "zo" da "tafi" ba abin da yake ji, sai an nemo wani ya fassara, kafin nan ta gaji ta tafi. In an aike su kama wani a lungu, ba wanda zai nuna musu gida. Yaron da ke tsaye a ƙofar gidan ma zai ce bai taɓa jin sunan ba. Ya ce, "Yaya, kallon sojan mamaya suke mana."

Ya ba ni labarin Oktoban 2020. Rundunar SARS, mai yaƙi da 'yan fashi, a nan Ikko aka ƙirƙire ta a 1992, lokacin da fashi ya addabi gari, a ƙarƙashin wani jami'i Simeon Danladi Midenda, da 'yan mutane kaɗan masu yawo cikin farin kaya a motocin da ba tambari. Shekaru suka mayar da ita abin da aka sani: tare samari, binciken waya, duka, tsarewa ba shari'a, har kisa. Da matasa suka fito zanga-zanga, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rushe ta ranar 11 ga wata, amma ba a koma gida ba, don an sha yin irin wannan alkawari. Ranar 20 ga wata da daddare sojoji suka buɗe wuta a kan masu zaman dirshan a ƙofar karɓar haraji ta Lekki. Kwanakin da suka biyo baya gari ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Aka ƙone ofisoshin 'yan sanda da dama, aka ƙone babbar kotun Igbosere, aka ƙone motocin bas na gwamnati a Oyingbo, aka kashe 'yan sanda a kan titi. Ƙanena ya ce ta katangar baya ya dira, ya tura kakinsa cikin kwata, wani mai shayi ɗan Tawa ya ba shi tsohuwar jallabiya ya ɓoye shi a shagonsa har ƙura ta lafa. Bai taɓa gaya wa Hajiya ba, ya kuma roƙe ni kada in gaya mata. Ita ba ta karatun boko, shi ya sa na rubuta.

Ni dai a ganina zaren bai tsinke ba tun daga Glover. An gina abin ne don baƙo ya tsare ɗan gari, ya kuma amsa wa wanda ke sama, ba wanda ke gabansa ba. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba wata rundunar 'yan sanda sai ta tarayya, don haka kwamishinan da ke kula da garin da ya haura mutum miliyan 15 daga Abuja ake turo shi, can kuma yake kai rahoto. Gwamnonin Legas sun yi ta kewaye-kewaye. Buba Marwa ya yi amfani da sintirin haɗin gwiwa na Operation Sweep, Tinubu ya mayar da shi rundunar kai ɗaukin gaggawa ya kuma kafa LASTMA ta kula da titi a 2000, Fashola ya buɗe asusun tsaro a 2007 inda kamfanoni ke zuba kuɗi a sayi motoci da kayan aiki. Jiha na sayen mota, amma ba ita ke da direban ba.

To amma kafin wani ya ce a ba kowace jiha nata shi ke nan, mu mutanen Kano mun ɗanɗana ɗaya gefen. Mun yi dogarai masu ja da kore tun kafin Bature, muka yi 'yan gadi, muka yi 'yan dokan En'e. Marigayi Ado Bayero kansa ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san yarenka, ya san gidanku, ya san wanda ya haifi babanka. Ɓarawo bai cika sha a hannunsa ba. Amma ka tambayi duk tsohon ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU da ya rage abin da wannan sanin ya jawo musu. Wanda ya san gidanku ba ya ɓata hanya ranar da hakimi ya ce a kamo ka. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja bayan 1966 ta haɗiye 'yan dokan cikin rundunar tarayya. Da na faɗa wa ƙanena haka, sai ya ce shi dai ko me za a yi a yi, in dai za a mayar da shi inda in an zage shi zai gane.

Da zan dawo na zaɓi hanyar Lakwaja, ƙafafuna ba za su iya Lambata sau biyu ba. A Agege na hau mota, naira 48,000, wai don man kudu ya fi tsada, ko da yake ban ga alamar hakan a gidajen mai ba. Kusa da ni wani saurayi ne ɗan wajen Haɗeja, kayansa duka a leda ɗaya. Acaɓa yake yi. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana haya da babur a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa da Surulere, daga baya ta ƙara wasu huɗu, kuma babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Ya ce ya san da dokar, amma a can ne kuɗin yake, fasinja ɗaya a Ikeja ya fi uku a bayan gari. Nasa na bashi ne, saura wata biyu ya gama biya aka kama. Na tambaye shi ko waɗanda suka kama shi sun ji Hausa. Ya ce ɗaya daga cikinsu ma da Hausa ya ce masa ya yi haƙuri, aikin gwamnati ne.

Muka bi ta Badun, Ife, Akure, Okene, hawa da gangara da kwanoni masu sa mutum salati. A Lakwaja, inda Kamfanin Neja ya yi hedikwatar dakarunsa, muka tsaya sallah, na sayi soyayyen kifi na 3,000 muka raba da yaron, na sayi busasshe na kai wa Hajiya. Daga gadar Murtala zuwa Abaji shingaye sun fi na ko'ina yawa, damin direba ya ƙare har ya ranci canji wurin wata mata mai kayan gwanjo. Yaron ya sauka a Kwanar Dangora, ya ce yana da ɗan'uwa a Kiru da zai nema wa aikin gona kafin ya iya haɗa ido da mai babur. Na ba shi abin da ya rage a aljihuna ban da kuɗin adaidaita, muka ƙarasa Unguwa Uku ana kiran isha'i.